Ku Tambayi Kawu: Tsohon DJ ya koma shelar jari a wurin biki

Wasiƙun wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi, don haka na ajiye na rikicin haya da na rabon gado sai fitowa ta gaba. Na taƙaita wasu, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni tela ce a Tudun Wada ta Kaduna. A dinar ƙawata, DJ ɗin da aka ɗauko dattijo ne, an ce shi ya yi kiɗa a bikin iyayen amaryar ma. Ana tsakiyar liƙi sai ya rage sauti ya ce akwai wani kamfani da ke juya kuɗi a intanet, ka zuba dubu 50 ka kwashi dubu 100 bayan kwana 30. Ya ce mu ɗauki lambar da ke manne a jikin sifika. Ina da dubu 180 da nake tarawa don sayen keken ɗinki mai lantarki. Mutumin babba ne, kowa ya san shi, bai yi kama da maƙaryaci ba. In saka?

Amsa: Ɗiyata, kada ki saka ko kwabo. Ki je ki sayo kekenki.

Na san irin mutumin da kike faɗa, domin na daɗe ina ba da hayar sifiku da janareta kafin in dawo wannan teburin, kuma da irinsu na ci abinci. Ko ban gan shi ba zan zana miki shi. Gemu ya sha rini har yana ƙyalli. Baƙin tabarau da ƙarfe goman dare. Abin sauraron da ke kansa an ɗaure ɓari guda da salatif, filashi kuma na rataye a wuya kamar laya. Kafin ya saki waƙa ɗaya sai ya yi ta «gwaji, gwaji, ɗaya, biyu» har abinci ya huce. In ya saki waƙar ma ba ya bari ta kai amshi, sai ya datse ta ya gai da Alhaji wane da ya shigo, da Hajiya wance da ba ta ma iso ba tukuna. Yarinya ta zo ta roƙe shi ya sa sabuwar waƙa, sai ya cire tabarau ya ba ta labarin daren da ya cika wani kulob maƙil a zamanin faifan garmaho, lokacin ko auren iyayen mawaƙin ba a ɗaura ba.

Ina zolayarsu ne don ina ƙaunarsu, kuma sana'arsu ba wasa ba ce. Tsohon DJ ya iya karanta taro fiye da ɗan siyasa. Ya san lokacin da mata suka gaji da zama. Ya san waƙar da za ta tayar da uwar ango daga kujera ko da gwiwa na damunta. Ya san sunan da zai kira, da yadda zai ja shi, hannu ya shiga jaka ba shiri. Shekara da shekaru aikinsa ke nan, ya sa mutane su saki kuɗi suna murna. Wannan baiwar ce 'yan damfara suke saye a wurinsa. Ba su zo gare shi don ya san kasuwa ba, sun zo ne don kun yarda da muryarsa, kuma sun san a wurin biki, ana kiɗa ana guɗa, kuɗi na zuba a ƙasa, ba mai zaro biro ya yi lissafi.

To mu mu yi lissafin. Abin da ya faɗa yana nufin kuɗi su ninka kansu kowane wata. Ki ɗauki dubu 100. Wata na farko dubu 200, na biyu dubu 400, na uku dubu 800. In kika bar su shekara guda, sun zama naira miliyan 409 da dubu 600. In kika ƙara shekara, sun haura tiriliyan ɗaya da rabi. Daga dubu 100, a wata 24. Da akwai sana'ar da ke yin haka a duniya, da mai ita bai buga lambar waya ya manna a jikin sifika ba, da Ɗangote bai sha wahalar gina matatar mai a Legas ba.

Kuma wannan alƙawarin na ninki a kwana 30 ba sabo ba ne a kunnenmu. Shi ne ainihin abin da CBEX, wata manhajar zuba jari ta intanet, ta yi wa mutane a Najeriya. Ta ce na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ce ke yi musu cinikin kuɗin intanet, kowa yana buɗe wayarsa yana ganin lambobi na hawa. A watan Afrilu na 2025 aka wayi gari ba a iya cire komai, sannan asusun mutane suka koma sifili. Jaridu sun ruwaito asarar da ta kai naira tiriliyan 1.3. Lambobin da ke hawa a waya zane ne kawai, wanda ya rubuta manhajar shi ke sa su.

Kin ce bai yi kama da maƙaryaci ba, kuma ina jin gaskiyarki. Mai yiwuwa shi ma ya yarda da abin da yake faɗa, har ya zuba nasa. Wannan bai rage komai daga haɗarin ba, sai ma ƙara shi, domin wanda aka ruɗa ya fi maƙaryaci iya ruɗa wani. Ki ci gaba da gai da shi da girmamawa, ki yi rawa in ya sa waƙa mai daɗi. Kuɗin keke kuwa, mai sayar da keke za ki kai wa.

Tambaya: Kawu, ni ɗan adaidaita sahu ne a Kano. Kuna ta cewa damfara ce, amma abokina ya nuna mini alat a wayarsa, sau uku ana biyansa. In ƙarya ce, daga ina kuɗin suke fitowa?

Amsa: Daga aljihunka za su fito, ƙanena, in ka shiga. Alat ɗin da ka gani na gaske ne. Kuɗin wanda ya zuba jiya ne aka yanko aka ba abokinka yau, don ya nuna maka, kai ma ka zuba gobe. Ba shago, ba gona, ba kaya a jirgin ruwa. Muddin masu shiga sun fi masu cira yawa, abin zai yi ta tafiya lami lafiya. Ranar da masu shiga suka ragu, ko masu abin suka ga tulin ya ishe su, sai ka ji an ce ana gyaran manhaja.

Dabarar ta girmi kakanka. A 1920, a birnin Boston na Amurka, wani ɗan asalin Italiya mai suna Charles Ponzi ya ce zai ba da ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45, wai yana cinikin takardun kan sarki tsakanin ƙasashe. Mutane suka yi layi a ƙofar ofishinsa. Kafin shekarar ta ƙare asiri ya tonu, shi kuma ya tafi kurkuku, sunansa ya bi irin wannan damfarar har yau. Mu a nan ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yi mana illa ita ce MMM, ta wani ɗan Rasha, Sergei Mavrodi, wanda tun 1994 ya riga ya talauta mutanen ƙasarsa da suna iri ɗaya. Ta bunƙasa a Najeriya a 2016, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, da alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata. Ranar 13 ga Disamba na shekarar aka rufe asusun kowa, wai na wata guda ne. Hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki ta ce mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Mavrodi ya mutu a Maris na 2018, ba wanda ya mayar wa mutane kuɗinsu.

Ka koma wurin abokinka ka yi masa tambaya ɗaya: cikin biyan nan uku, nawa ya cire ya riƙe a hannu, nawa ya mayar ciki? Yawanci za ka tarar ya mayar da uwa da riba, har ya ƙara da na aro, domin biyan farko aikinsa ke nan, ya buɗe maka ciki.

Wasu kan ce ai kamar adashi ne. Ba haka ba ne. A adashi mutum goma ne, kowa na zubin dubu 10, kowa zai kwashi dubu 100 in layi ya zo kansa. Abin da ka zuba shi ka ɗauka, kun san juna, kun san gidan uwar adashi, kuma ba a bukatar mutum na goma sha ɗaya kafin a biya na goma. In kuma dabararka ita ce ka shiga da wuri ka fice kafin ta fashe, to ka sani abin da ka fita da shi ba riba ba ce. Kuɗin wata bazawara ce da ta sayar da ɗan kunnenta, ko na wani ɗan sahu irinka da ya ci bashi.

Tambaya: Malam, ni ne irin waɗanda ake yi wa dariya. Na fara kiɗa a gidajen disko na Jos tun muna ɗaukar faifai a akwati. Yau yaro da laftof ɗin aro zai karɓi rabin kuɗina ya ƙwace mini biki. Ba fansho, ba garatuti, kunnena na hagu ya tafi. Wani kamfani yana ba ni dubu 30 a kowane biki in yi masa shela, da kamasho a kan duk wanda ya shiga ta lambata. Ni ma na zuba nawa. Shela kawai nake yi, kamar yadda nake yi wa mai atamfa da mai kwalliyar amare. Ina laifina?

Amsa: Yaya, Allah ya ƙara girma. Wasiƙarka ta taɓa ni, kuma ba zan yi maka dariya ba. Na ga yadda kuke kwana a tsaye wasu na rawa, na ga yadda kuke naɗe waya da asuba bayan kowa ya watse, wani lokacin ma a hana ku cikon kuɗinku. Sana'ar ta ci ƙuruciyarku ba ta ajiye muku komai ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma zan faɗa maka abin da ƙani ya kamata ya faɗa wa wansa.

Shelar atamfa daban, wannan daban. Wadda ta ji ka yabi atamfa za ta je ta taɓa, ta ɗaga a rana, ta taya, in ba ta yi mata ba ta tafi. Wanda ya ji ka yabi wannan kamfanin ba abin da zai taɓa. Kai kaɗai ya gani, kai ne shaidarsa. Kamashon da ake ba ka kuma ba daga wata riba yake fitowa ba, daga cikin kuɗin wanda ka kawo ake yanko shi tun a ranar. Ka duba, akwai bankin da ke ba ka kaso mai tsoka don kawai ka kawo mai ajiya, sannan ya ninka wa mai ajiyar kuɗinsa?

Sannan ka yi tunanin ranar da abin zai fashe. Masu kamfanin ba wanda ya san fuskarsu, lambobinsu za su mutu cikin dare. Kai kuwa kowa ya san gidanka, ya san masallacin da kake salla, ya san makarantar jikokinka. Da CBEX ta rushe, mutane sun fasa ofishinta na Oke-Ado a Ibadan sun kwashe kujeru da duk abin da hannu ya kai gare shi. Waɗanda suka jawo 'yan uwansu da abokan aikinsu su aka bari da zagi da sammaci. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ga kuma doka. A watan Maris na 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da hannayen jari. A cikinta, mai gudanar da irin wannan tsarin da mai tallata shi suna fuskantar tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun. Hukumar SEC mai sa ido a kasuwar hannayen jari ta fito fili ta gargaɗi mawaƙa da fitattun mutane da masu tashe a kafofin sada zumunta. «Shela kawai na yi» ba za ta cece ka a gaban alƙali ba.

Kada ka ga kamar ƙananan DJ kawai abin ke samu. DJ Khaled, wanda ya yi suna a rediyo da gidajen rawa na Miami kafin duniya ta san shi, ya karɓi dala dubu 50 a 2017 ya yabi wani kamfanin kuɗin intanet mai suna Centra Tech, bai faɗa wa mabiyansa cewa biyansa aka yi ba. Kamfanin ya yi iƙirarin yana da yarjejeniya da Visa da Mastercard, alhali babu, har shugaban da suka sa hotonsa a shafinsu ƙirƙirarsa aka yi, babu mutumin a duniya. A Nuwamba na 2018 hukumar hannayen jari ta Amurka ta sa Khaled ya mayar da dubu 50 ɗin, ya ƙara tarar dala dubu 100, ya kuma yarda ba zai sake tallar hannun jari ba har shekara biyu. Ɗan damben nan Floyd Mayweather ma ya biya nasa a shari'ar. Ɗaya daga cikin masu kamfanin ya samu ɗaurin shekara 8. Khaled yana da lauyoyi da dukiyar da zai biya ya ci gaba da harkarsa. Kai da me za ka biya?

Ga abin da nake roƙonka. Ka daina shelar daga bikin wannan Asabar ɗin. Ka ɓanɓare takardar daga jikin sifika. Ka nemi cire uwar kuɗinka, za ka ga irin hanya-hanyar da za a yi maka. Waɗanda suka shiga ta lambarka, ka kira su ɗaya bayan ɗaya da bakinka ka ce su cire abin da za su iya, kada su ƙara. Zai yi nauyi, amma wanda ka gargaɗa yau ba zai zo ƙofarka da 'yan sanda gobe ba. Ka adana saƙonnin da kuka yi da kamfanin da shaidar duk kuɗin da suka turo maka.

Batun tsufa ba tanadi kuwa, kana da abin da yaron laftof ba shi da shi. Akwatin faifan nan da kaset-kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadonka dukiya ce, akwai waƙoƙin da ba a samunsu ko'ina sai wurin irinku, kuma gidajen rediyo suna da shirye-shiryen tuna baya da ke da masu sauraro. Ka iya jera sifiku a fili yadda sauti ba zai yi kuka ba, yaran nan da yawa ba su iya ba, a koya musu a karɓi kuɗi. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar hannu da masu zaman kansu, ana zuba kaɗan-kaɗan gwargwadon samu. A shekarunka ba zai tara abin a zo a gani ba, amma ka tura yaran da ke ɗaukar maka kaya su fara tun yanzu. Ku tsofaffin sana'ar kuma ku haɗa kai ku yi ƙungiya da asusun taimakon juna, ku tsayar da farashin da ba wanda zai karya.

Tambaya: Kawu, ni malamar makaranta ce a Katsina. Wanda ake tallata mana ba irin na intanet ba ne. Suna da ofis, suna da takardar CAC da wata ta EFCC a bango. Sun ce ba kuɗin ruwa ba ne, kasuwanci ne na halal, suna sayen hatsi da siminti, suna ba da kashi 25 cikin 100 duk wata ba fashi. Da addu'a suke buɗe taronsu. Wannan fa?

Amsa: Malama, kalmar da ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki ita ce «ba fashi». Kin taɓa ganin ɗan kasuwar hatsi a Dawanau da bai taɓa faɗuwa ba? Farashi na hawa yana sauka, ƙwari na shiga buhu, mota na kifewa. Duk wanda ya ce ribarsa daidai take kowane wata, rani da damina, to ba daga hatsi take fitowa ba.

Ta fuskar addini ma maganarsu ba ta tsaya ba. Abin da shari'a ta sani shi ne mudaraba: ke da kuɗi, shi da aiki, ku yi yarjejeniya a kan kason ribar da aka samu, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku, in an samu. In an faɗi ba da sakacinsa ba, ke kin rasa kuɗi, shi ya rasa wahalarsa. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa in aka yanka wa mai kuɗi wani adadi tsayayye da zai karɓa ko an ci ko an faɗi, yarjejeniyar ta ɓaci. Ki kai wa malaminku takardarsu ya karanta da kansa, kada ki tsaya a kan abin da mai talla ya ce malam ya ce. Addu'ar buɗe taro kuwa, ɓarawo ma ya iya ta.

Takardar CAC shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kamfani rajista, mai shagon kayan miya ma zai iya samunta. Wadda kika gani ta EFCC ta sashenta ne mai suna SCUML, rajista ce ta sa ido a kan safarar kuɗin haram, kuma EFCC da kanta ta bayyana bayan rushewar CBEX cewa ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Mai karɓar kuɗin mutane don ya juya musu, rajistar SEC ake nema a wurinsa, kuma sunayen masu rajistar suna shafin hukumar na intanet, ki duba da kanki. Mai karɓar ajiya kuma lasisin Babban Banki. Ajiyarki a bankin kasuwanci tana da inshorar NDIC har naira miliyan 5 tun 2024. A ofishin nan ba ki da inshorar ko sisi.

Ofis da allon suna ba sa hana komai. A Fabrairu na 2019 SEC ta garƙame ofisoshin wani kamfani a Kano mai suna Dantata Success and Profitable Company saboda karɓar jarin jama'a ba rajista, bayan mutane da yawa, har da matan aure, sun kai kuɗinsu.

In halal kike nema, akwai hanyoyi masu lasisi. Bankin Jaiz yana aiki tun 2012, wasu irinsa sun biyo baya. Gwamnatin tarayya ta fara sayar da sukuk, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, a 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, kuma abin da ya biya shi ne kashi 16.47 cikin 100 a shekara. A shekara, Malama, ba a wata ba. Ki ajiye wannan adadin kusa da kashi 25 na kowane wata, wato kashi 300 a shekara, ki ga tazarar.

Tambaya: Kawu, gaisuwa daga zangon Kumasi. Mu nan mun sha wannan ruwan da Menzgold. Ka ba 'yan uwa na Najeriya da Nijar labari.

Amsa: Ina amsawa, Alhaji, a gai da mutanen zango. Menzgold ta Nana Appiah Mensah ta ce zinare take juyawa, tana ba da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a wata. Abin da ya sa na ji daɗin tunatarwarka shi ne yadda ta sayi amanar mutane da kiɗa. Mai kamfanin ya kafa kamfanin waƙa da nishaɗi mai suna Zylofon, ya ɗauki manyan mawaƙan Gana, har gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar ya ɗauki nauyi a 2018. Mutum ya ga tauraron da yake so a jikin allo, sai ya ce ai waɗannan ba za su gudu ba. Babban Bankin Gana ya yi ta gargaɗi ba a ji ba. A Satumba na 2018 hukumar hannayen jarin ƙasar ta dakatar da harkar, biya ya tsaya, 'yan fansho da sojoji da 'yan kasuwa suka shiga zanga-zanga da zaryar kotu na shekaru.

Tambaya: Kawu, aurena saura wata biyu. Iyayena sun dage sai tsohon DJ ɗin unguwarmu. Yaya zan hana shi datse waƙa da surutu, da kuma tallar abin da ban sa shi ba?

Amsa: Allah ya sanya alheri, ango. Datse waƙa ba ka da maganinsa, a jininsu yake, ka ba shi sunayen waɗanda za a gaisar a takarda ka roƙe shi ya gama da su kafin amarya ta shigo. Ka ɗauke shi, zai tayar maka da gwaggonni yadda yaro ba zai iya ba. Talla kuwa, ranar da za ka ba shi kafin alƙalami ka je da babban abokinka ka faɗa masa cikin ladabi: Baba, ba tallar kowa a bikina, ba takarda a jikin sifika, cikon kuɗi sai an tashi. Baƙin da suka zo dominka suka zo, in aka damfare su a inuwar bikinka da kai za a riƙa tunawa.

Tambaya: Kawu, ni na riga na faɗa. Dubu 420 na zuba, kuɗin haya ne da na wani aminina. An rufe cira. Yanzu sun turo saƙo a rukuninmu na Telegram cewa duk wanda ya biya dubu 60 na tantancewa za a buɗe masa asusu. Matata ba ta sani ba. Ba na barci.

Amsa: Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri. Kada ka biya dubu 60 ɗin. Wannan zagaye na biyu ne na damfarar, CBEX ma ta nemi dala 100 ko 200 a wurin waɗanda ta riga ta kwashe, da sunan tantancewa. Haka duk wanda zai kira ka ya ce shi lauya ne ko ƙwararren kwamfuta mai ƙwato kuɗi in ka ba shi wani abu tukuna, daga gida ɗaya suke, jerin sunayenku ne ke yawo a hannunsu.

Yau ɗin nan ka ɗauki hoton komai kafin su goge rukunin: saƙonni, lambobin waya, lambar asusun da ka tura wa kuɗi, rasit. Ka je bankinka ka rubuta ƙorafi, ka nemi a sanar da bankin da kuɗin suka shiga, domin wani lokaci in an yi sauri ana iya riƙe abin da ya rage a asusun. Ka kai ƙara ofishin EFCC mafi kusa da kai, ka kuma aika wa SEC. In kun haɗu ku da yawa kuka shigar tare, ya fi ƙarfi. Ba zan ruɗe ka ba, a irin wannan shari'ar abin da ke dawowa kaɗan ne kuma yana daɗewa, amma ƙararku ce ke sa a kama su kafin su sauya suna su dawo.

Sai abu mai wuya. Ka zaunar da matarka yau bayan isha'i ka faɗa mata, tun kafin mai gida ya zo karɓar haya ta ji a bakinsa. Amininka ma ka same shi da wani babba da kuke jin nauyinsa, ku rubuta yadda za ka riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. Kada ka ci wani bashin don toshe wannan, kada kuma ka shiga wani sabon tsarin da niyyar fanshewa. In rashin barcin ya wuce mako biyu, ko ka fara jin rayuwa ta fita daga ranka, ka je asibiti ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mini, kuma kada ka zauna kai kaɗai da wannan tunanin. Ka sake rubuto mini wata mai zuwa in ji inda aka kwana.